Kiran da Iya Ba Ta Amsa Ba

An kai ni gidan miji a Hunkuyi ba a daɗe da saukar da tutar Turawa ba. Daga wani ƙauye na gefen Ikara aka ɗauko ni, kuma auren zumunci ne. Kakata ta wajen uba 'yar wannan gida ce, daga nan aka kai ta Ikara tana amarya, ni kuma aka dawo da ni inda ta fito. Gida ne babba na manoma, rumbuna a jere, ga dawa ga gyaɗa ga barkono shanye a kan soro. A lokacin bakina ya fi ƙarfin jikina. Har yau ma ba mutuwa ya yi ba, haƙora ne kawai suka ragu.

Washegarin buɗar kai wata tsohuwa ta zo ƙofar ɗakina. Tun daga nesa ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa a ƙasa, ta ƙi hawa tabarmar da na shimfiɗa mata. 'Yar ƙarama ce, baƙa, idanunta sun fara yana. Kowa a gidan Iya yake ce mata.

"Amarya, an zo lafiya? Ya baƙunta? Ya aka baro mutanen Ikara?"

Na ce lafiya lau. Sai ta bi gidanmu ɗaki ɗaki, babana, innata, ƙannena, har jakin babana sai da ta tambaya ko yana nan. Da ta ƙare sai ta ce, "Duka-duka dai kowa lafiya? Babu wanda yake kwance?" Na ce babu. Ta yi hamdala ta tashi. Haka ta riƙa yi duk ranar da wani ya zo mini daga gida, har na fara gajiya da ita. Ban sani ba ashe cikin duk wannan dogon zagaye mutum ɗaya take nema, wadda bakinta ba ya iya faɗin sunanta. 'Yarta take nema, kuma 'yar tata ita ce matar da ta goye ni.

Gwaggo muke ce mata a gidanmu. A bayanta na girma, ita ta yaye ni, ita ta koya mini tuƙa tuwo da kitsa kaina. Na san dai tare da kakata ta zo daga Hunkuyi tana yarinya, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, don yaro ba ya tambayar inda katangar gidansu ta fito. Abin da na lura da shi ɗaya ne. Duk bikin da za a yi a Hunkuyi, ranar ƙafar Gwaggo take tashi da ciwo. Ko rakiyar aurena ba ta zo ba, ita da ta fi kowa kuka da za a fitar da ni.

Surukata ce ta gaya mini asalin Iya, muna tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce baiwar tsohon maigidan ce, kakan mijina, mahaifin kakata. Tana ƙarama aka kamo ta daga duwatsun kudu. Bauta ta ƙare tun tuni, maigidan ya rasu, ba wanda ya riƙe ta, amma ina za ta? Ba ta san hanyar garinsu ba, harshensu ma ya zube mata. Sai ta zauna a ɗan ɗakinta na kusa da rumbuna, ana ba ta tuwo, tana ɓare gyaɗa tana kaɗi. Ba za a ce ana wulaƙanta ta a zamanina ba. Amma ban taɓa ganin ta sa hannu a akushi ɗaya da matan gidan ba, kuma ban taɓa jin wani ya ce ta sa ba.

Shekara ta zagayo na tafi gida goyon ciki, na haifi 'ya mace. Gwaggo ce ta dafa mini ruwan wanka, ta gasa ni da ganye har na yi mata rantsuwar ba zan sake haihuwa ba, ta dama mini kunun kanwa. Da na yi arba'in aka mayar da ni Hunkuyi da jaririya da ƙullin yaji.

To, 'yar fari ce, ni kuwa na ɗauki kunyar 'yar fari da ƙarfi, don ina so a yabe ni. Ba na faɗin sunanta. Ba na yi mata wasa a gaban mutane. In zan ba ta nono sai na kau da kai gefe, kamar dole aka yi mini. Surukata ta riƙa nuna ni ga baƙi tana cewa yarinyar nan akwai tarbiyya, ni kuma kaina yana ƙara girma. Alhali in na shiga ɗaki na saki labule, har tafin ƙafarta nake sumbata.

Wata ranar Juma'a da hantsi mata suka zo barka, tsakar gida ta cika. Jaririyar tana kwance a kan zane tana tsala kuka, ƙuda na bin fuskarta, ni ina zaune kusa da ita ina kallon katanga, ina jira wata ta ce in ɗauke ta. Sai na ji murya daga wajen rumbu.

"Ke! Ɗauki 'yarki!"

Iya ce. Matar da ko kaza ba ta kora da ƙarfi. Wata ta yi dariya ta ce tsufa ya fara taɓa Iya. Na ɗauki yarinyar raina a ɓace, don ta kunyata ni a gaban baƙi. Da yamma na same ta a ƙofar ɗakinta, na je da niyyar in gaya mata magana. Ta tura mini ƙwaryar gyaɗa ta ce in taya ta ɓara. Muna ɓara ta ba ni labarin, a hankali, ba hawaye, kamar tana faɗin abin da ya faru da maƙwabciya.

Ta ce da aka kawo ta gidan nan an canza mata suna, an ba ta dutsen niƙa. Kafin kiran salla tana kan dutse, rana ta fito tana rijiya, hantsi tana gandu da abincin masu noma a ka, ta dawo ta shiga daka. In gari bai yi laushi ba bulala, in tulu ya fashe bulala, in ta yi magana da harshensu a yi mata dukan da ya fi na tulu. Ta saki zanenta kaɗan ta nuna mini bayanta. Tabon ya tsufa ya yi fari-fari, a jere kamar kunyoyin gona.

Da ta zama budurwa, maigidan ya riƙa aikawa a kira ta turakarsa. Ba a tambayar baiwa ko tana so. Ta sami ciki ta haifi mace. Da ya amsa cewa tasa ce, da yarinyar ta zama 'ya kamar sauran 'ya'yansa, ita ma uwar ba mai ikon sayar da ita. Sai ya ce ba tasa ba ce, ta wani bawan gandu ce. Tana faɗin haka na gane, don tun zuwana gidan nake mamakin yadda goshin surukina da wushiryarsa suke sak na Gwaggo. Kowa yana da ido a gidan, ba wanda ya taɓa buɗe baki.

Ta ce a garinsu ba su san kunyar ɗan fari ba. Uwa takan rungumi ɗanta a gaban kowa, ta yi masa waƙa. Haka ita ma ta fara yi. Uwargidan ta same ta tana cilla jaririyar sama tana kiran sunanta, ta kwaɗa mata mari, ta ce ga arniya marar kunya tana wasa da 'yar fari a tsakar gidan Musulmi. Daga ranar Iya ta koyi kunya, ta kuma koye ta fiye da 'ya'yan gida, don tana so a daina ce mata arniya. A gaban mutane ba ta kallon yarinyar. In sun kaɗaita ne take kiranta da wani suna na daban, ba wanda aka raɗa mata ba, sunan mahaifiyarta da ta baro a duwatsu.

Yarinyar ba ta gama famfara ba aka tashi bikin 'yar maigida, wato kakata. Aka fito da kayan amarya tsakar gida, tasoshi da ƙore da taskira da tukwane. Iya tana bakin turmi tana dakan gero na baƙi. Sai ta ji uwargida ta ce amarya ba za ta tafi ba mai yi mata aike ba, ta kamo hannun yarinyar ta tsayar da ita a cikin kayan, ta ɗora mata taskira a ka. Ba wanda ya gaya wa Iya tun da farko. Wata daga cikin matan ma cewa ta yi ai 'yar fari ce, uwar ba ta da bakin magana.

"Na ce a raina, in na yi kuka za su dake ni a gabanta, abin da za ta tafi da shi ke nan a idonta," in ji Iya. "In kuwa na nuna kunya, za su ce baiwar nan ta san ya kamata, wataƙila su bar ni in riƙa zuwa ganinta. Sai na juya baya na ci gaba da daka. Ta kira ni. Tana ta kira, Iya, Iya, har suka fita zaure. Ina ji. Ban waiwaya ba."

Ba su bar ta ta je ba. Da damina ta wuce ta gudu, ta bi hanyar fatake tana tambayar Ikara. A gonakin rake na kusa da Makarfi aka kamo ta. Aka sa mata marin ƙarfe a ƙafa, da shi ta yi daka da niƙa har wata kaka. Ta miƙo ƙafar na gani, wani zobe ne a idon sawu inda fata ta mutu. Bayan rasuwar maigidan ta aika wa 'yar tata da saƙo ta bakin wani ɗan koli, ya dawo ya ce matar ta ce ba ta da uwa a Hunkuyi. Tun daga nan Iya ba ta sake aikawa ba. Ta ce uwa ba ta bin 'yar fari, mutane za su yi dariya. Kunyar da aka dasa mata da mari ta riga ta yi saiwa.

"Idona yana tafiya," ta ce. "Ina so in ga fuskarta kafin ya rufe. Shi ke nan abin da ya rage mini."

Na koma ɗaki ina jin haushin kowa. Na ji haushin maigidan da ban taɓa gani ba, wanda ake yi wa addu'a duk salla a gidan. Na ji haushin kakata, wadda nake ƙauna, wadda take ɓoye mini alkaki a ƙarƙashin gadonta, ta rayu ta mutu ba ta taɓa cewa a kai yarinyar nan ta ga uwarta ba. Tafiyar yini ce fa tsakaninsu. Ina faɗin wannan ne don na daɗe ban iya haɗa kakata mai alkaki da amaryar da aka ba ƙanwarta a cikin kayan ɗaki ba, kuma har yau ban gama haɗa su ba.

Da aka yi girbi na roƙi mijina ya bar ni in je gida. Na gaya masa dalili. Ya sosa ƙeya, ya ce tsofaffin maganganu ne, amma bai hana ni ba. Na bi motar 'yan kasuwa zuwa Makarfi, na sayi mazarƙwaila ta tsaraba, daga nan wata motar ta kai ni Ikara.

Na sami Gwaggo a madafa tana kwashe tuwo. Ban iya kewaye-kewaye ba, na ce, "Gwaggo, Iya tana gaishe ki. Idonta ya kusa rufewa, tana so ta gan ki."

Marar da ke hannunta ta tsaya, sannan ta ci gaba da kwasa. "Wace Iya?"

"Wadda ta haife ki."

"'Yar nan, ki kiyaye ni." Ta rufe akushi ta ajiye. "Ina tsaye da taskira a ka, ina kiranta har muryata ta dushe. Ko akuya aka janye wa ɗanta sai ta yi kuka. Ita ko sautin taɓaryarta bai canza ba."

Na ce kunya ce ta 'yar fari. Ta ce ta sani, ba yau aka haife ta ba. Ta ce kunya ta wadda za ta ga ɗanta da yamma ce. Ta ce a ƙofar ɗakin kakata ta kwana shekara da shekaru, a kan buhu, in ta yi kuka a ce tana yi wa amarya mugun baki a zane ta, kuma duk wannan bai yi mata ciwo kamar bayan nan da aka juya mata ba. Ban taɓa jin Gwaggo ta yi magana mai tsawo haka ba.

Ni ma raina ya tashi, na manta da cewa ita ta goye ni. Na ce, "To kin san ta biyo ki? Kin san a gonar rake aka kamo ta, aka sa mata mari shekara guda? Na ga tabon da idona. Ke kina nan kina jin haushin baya, ba ki san abin da fuskar take yi ba."

Ta dube ni. Ashe ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta ɗauki akushin ta fita da shi, kuma har na bar garin ba ta sake tayar da maganar ba. Na koma Hunkuyi hannu Rabbana. Iya ta zo ta durƙusa ta bi gidanmu ɗaki ɗaki kamar kullum, ta ce duka-duka kowa lafiya? Na ce lafiya. Ba ta tambaye ni komai bayan wannan ba, ni ma na kasa faɗa.

Ana cikin sussukar dawa, ranar kasuwar garin, da la'asar, muka ji sallama a zaure. Na fito na ga Gwaggo, da ƙullin kaya a ka, da sanda, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta ce ta zo ganin jaririya ne. Matan gida suka fito ana lale marhabin, surukata ta shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Gwaggo ba ta zauna ba. Idonta yana can wajen rumbu.

Iya tana zaune a bakin turmi tana tsince tsakuwa daga dawa da lalube. Ta ji ana cewa Gwaggo ce daga Ikara, ta gane. Na ga hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya a hankali ta fuskanci katanga. Ba da niyya ta yi ba, na rantse. Jikinta ne ya yi abin da aka koya masa, ga mutane cike da tsakar gida, ga 'yar fari ta shigo.

Wata daga cikin matan ta ce, "Allah sarki, Iya akwai kunya." Sauran suka gyaɗa kai suna yabawa.

Gwaggo ta daɗe tana kallon bayan nan. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kin gani ko?" Ta gyara ƙullin a kanta, ta dogara sandarta ta nufi zaure. Na tsaya da 'yata goye a baya ina kallonta tana tafiya.

Ta kai bakin zaure ke nan Iya ta yi kira. Ba sunan da muka sani ta kira ba. Wani suna ne gajere, ba na Hausa ba, ba wanda ya taɓa jin sa a gidan. Muryar ta fito a shaƙe, sai ta sake kira da ƙarfi, har kajin da ke bakin turmi suka watse. Ta yar da mayafin, ta juyo, tana laluben iska da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin turmi.

Matar nan ta ɗazu ta fara cewa, "La, ta faɗi sunan 'yar fa—" Surukata ta ce mata, "Rufe mana baki." Na ƙara son surukata daga ranar.

Gwaggo ta tsaya cak, bayanta gare mu. Mace ce da furfura, ta goyi 'ya'yan gidanmu kaf, ta yi wa gawa wanka ba adadi. Ta sauke ƙullin ta ajiye a ƙasa. Ba ta juyo ba tukuna, sai ta yi magana da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba.

"Iya."

"Na'am," in ji tsohuwar. "Na'am. Na ji ki. Tun ranar na ji ki."

Gwaggo ta dawo ta durƙusa a gaban turmin. Iya ta kamo fuskarta da hannu biyu, ta jawo ta kusa da idonta har goshinsu ya kusa haɗuwa, don daga nan kaɗai take iya gani. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Kin yi furfura," kamar wadda aka yi wa laifi. Muka yi dariya muna share hawaye, surukata ta kore mu duka zuwa madafa.

Gwaggo ba ta koma Ikara ba sai bayan da aka binne Iya, ana gab da shuka. A ɗan ɗakin nan na kusa da rumbuna suka zauna, akushi ɗaya, tabarma ɗaya. Idon Iya ya rufe gaba ɗaya kafin ta rasu, amma ta riga ta ga abin da take so ta gani.

Ni kuwa a yammacin ranar, muna madafa ana ta hayaniya, 'yata ta farka ta fara kuka. Na kwance ta daga baya, na ɗaga ta sama a gaban surukata da matan gida duka, na kira sunanta. An yi shekaru ana ce mini marar kunya a Hunkuyi saboda haka. Yanzu ita ma ta yi jikoki, kuma duk lokacin da ta kira ni, ko ina tsakiyar magana da baƙi, sai na juyo na amsa.